Harafi ɗaya a allon Dogo: yadda siginar bogi ta lanƙwasa mana yatsun ƙarfe

Ranar Alhamis ce, an idar da sallar La'asar ke nan, ina ɗaure igiyar takalmin aiki a bakin masallacin masana'anta, sai ga mai kula da layin buhuna ya taho da sassarfa. "Injiniya, Dogo ya yi karo." Dogo shi ne sunan da ma'aikata suka raɗa wa mutum-mutumin da ke jera mana buhuna. Na tambaye shi ko akwai mutum a cikin keji, wato ragar ƙarfen da ta kewaye injin. Ya ce babu kowa. Sai a lokacin na ƙarasa ɗaure takalmin.

Masana'antar ta abincin kaji ce, a ɗaya daga cikin jihohin Arewa, kuma ba zan kama sunanta ba. Shi Dogo ƙirar kamfanin FANUC ne na Japan, masu hedikwata a ƙauyen Oshino da ke gindin dutsen Fuji, waɗanda aka sani da shafa wa injinansu rawayan fenti. Namu samfurin M-410 ne mai gaɓoɓi huɗu, wanda aka ƙera takanas don jera kaya, akwatin da ke sarrafa shi kuma R-30iB. Aikinsa bai wuce ɗaya ba. Bel ya kawo buhu mai kilo 25, ya zura yatsun ƙarfe ta ƙarƙashi ya ɗauka, ya juya, ya ajiye a kan falet, wato katakon nan da foklif, motar ɗaga kaya, ke zura wa cokali. Buhu biyar a kowane hawa, hawa takwas, buhu 40 ke nan, tan ɗaya cif. In falet ya cika sarƙa ta ja shi waje, wani injin kuma ya sako fanko daga tarin da ke baya.

Abin da na tarar ba kyan gani. Buhuna bakwai a zube a kan sarƙa tsirara, biyu sun fashe, garin masara da waken suya ya turnuƙe wurin. Wani falet ya shigo a makare ya hau kan buhunan a karkace, shi kuma Dogo ya sauko da buhu na takwas ya daki gefensa. Yatsu biyu sun lanƙwashe. A fendan, wato allon hannu mai maɓallai da ake koya masa aiki da shi, jan rubutu na nuna SRVO-050, lambar da ke nufin injin ya ji ya bugi wani abu ya tsayar da kansa.

Tambayar da kowa ke yi ɗaya ce: yaya za a yi ya ajiye buhu a inda babu falet? Ai ba a taɓa ganin ya yi haka ba. Wani ma cewa ya yi ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu, a kira Turawan da suka kafa shi.

Abin da Dogo ya sani game da duniya

Dogo ba shi da ido. Bai san falet ba, bai san buhu ba. Iyakar saninsa wani jadawali ne na lambobi, kowace lamba ko tana ON ko tana OFF. Masu shigo masa da labari daga waje su ne DI, waɗanda yake aika umarni da su kuma DO. Na jikin hannunsa, masu buɗe yatsu da rufe su da iska, sunansu RI da RO, kuma wayarsu ta cikin dantsen injin take bi. Akwai GI da GO, inda ake haɗa sigina da yawa su ba da adadi guda, da su muke gaya masa tsarin jeri na buhu kaza za a yi yau. Sannan akwai UI da UO, waɗanda su ne linzaminsa: tashi, dakata, share ƙararrawa, ina cikin aiki, na samu matsala.

A cikin UI ɗin nan akwai wata hikima da nake son mai karatu ya riƙe, domin ita ce ƙashin bayan wannan labari. Siginar dakatarwa, UI[2], a kunne take zama muddin ana son injin ya yi tafiya. Kashe ta shi ne umarnin tsayawa. Haka UI[1] da UI[3] da UI[8], duk sai suna kunne zai motsa. Dalili kuwa, in ɓera ya ci waya ko fulogi ya zare, wutar za ta ɗauke, injin ya ɗauka an ce masa ya tsaya. Lalacewa ta kai shi ga tsayuwa, ba ga ɓarna ba.

Siginar falet ɗinmu, DI[12], a kan wannan tsari aka gina ta. A gefen sarƙa akwai wata 'yar na'ura da muke kira ido, tana harba haske, in hasken ya daki katako ya dawo sai ta saki volt 24 a waya. Wayar ta shiga katin PLC, kwamfutar da ke kula da bel da sarƙa da duk sauran layin, ita kuma PLC ta miƙa labarin ga Dogo ta wayar sadarwa ta EtherNet/IP. A shirin Dogo, kafin ya sauke kowane buhu akwai layin da ke cewa WAIT DI[12]=ON. Ba falet, ba sigina, sai ya tsaya da buhu a sama yana jira ko da za a kwana.

To ke nan labari ɗaya ana iya duba shi a wuri huɗu: 'yar fitilar da ke jikin idon, fitilar katin PLC, cikin shirin PLC a kwamfutar tafi-da-gidanka, da kuma allon fendan. In komai lafiya, huɗun bakinsu ɗaya. Aikin mai gyara shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ga inda maganar ta sauya.

Inda maganar ta sauya

Na murɗa makullin akwati daga AUTO, inda injin ke aiki da kansa, zuwa T1, inda injin ba zai wuce gudun milimita 250 a daƙiƙa ba, kuma ba zai motsa ba sai ina riƙe da maɓallin bayan fendan a tsaka-tsaki. Na ɗaga hannun a hankali, muka saka kwado a wuta da iska, aka kwashe buhunan, aka janye karkataccen falet ɗin. Yanzu sarƙa fayau, babu komai a gaban ido.

Fitilar ido a kashe. Daidai. Fitilar katin PLC a kashe. Daidai. Na jona kwamfuta, PLC na aika sifili. Nan ma daidai. Na buɗe shafin sigina a fendan na gangara zuwa layi na 12, sai ga shi ɓaro-ɓaro: ON.

Na ɗan jima ina kallonsa. Zuciyata ta fara raya mini ko an rikita taswirar adireshi ne, domin siginar da ke zuwa ta EtherNet/IP a wannan akwati a rak na 89, wato wani rukunin adireshi, ake ɗora su, kuma in wani ya gusar da wurin farawa da lamba ɗaya tak, sai labarin buhu ya koma gurbin labarin falet. Har na kai hannu zan buɗe shafin taswirar, idona ya sauka a kan wani siririn ginshiƙi da ke tsakanin lambar sigina da matsayinta, mai taken SIM. Tun daga sama har ƙasa harafin U ne a jere. A layi na 12 kaɗai aka rubuta S.

Ga wanda bai sani ba, U na nufin siginar gaske ce, daga waya take zuwa. S kuwa na nufin kwaikwayo: an ce wa injin ya toshe kunnensa daga waya, ya karɓi duk abin da aka danna masa da hannu. An yi wannan dama ce don gwaji. Kana rubuta sabon shiri, layin bai tashi ba, babu buhu babu falet, sai ka kwaikwayi siginar ka ga ko hannun zai bi hanyar da ka koya masa. Ba a iya aikin kafa inji ba tare da ita ba. Amma ba ta cire kanta in ka gama, kuma injin ba zai ƙi tafiya a AUTO don tana nan ba, sai in kai ka tsara masa hakan. Mu ba mu tsara ba.

Saboda haka ƙwaƙwalwar Dogo ƙalau take. An gaya masa akwai falet, ya ajiye buhu.

Saura a san yaushe aka yi, kuma me ya sa sai yau abin ya fashe. Tarihin ƙararrawa ne ya ba ni amsar farko. A daren Lahadi, tsakanin sha ɗaya da rabi zuwa wajen biyu da kwata, lambar SRVO-004 ta fito sau 11. Ita ce ke fitowa duk lokacin da aka buɗe ƙofar keji injin na AUTO. Daga biyu da kwata ɗin nan kuwa shiru, kamar an ɗauke ruwan sama, har zuwa karon ranar Alhamis. Wani abu ya dami masu aikin dare har suka yi ta shiga suna fita, sannan wani ya yi masa maganin da ya sa ba a sake shiga ba.

Amsa ta biyu ta fi ba ni tsoro. In DI[12] kullum a kunne take, ya kamata tun falet ɗin farko da ya cika Dogo ya jefa buhu a kan sarƙa mai tafiya. Bai yi ba, saboda wanda ya rubuta shirin PLC ya saka wani ɗan agogo da ke riƙe buhu a bakin bel na daƙiƙa 20 duk lokacin canjin falet, don kada buhuna su cunkushe. Sabon falet kuma yakan iso kafin lokacin ya cika. Kwana huɗu ke nan ƙarya tana dacewa da gaskiya, ba don komai ba sai don wani agogo da aka saka da wata manufa daban. Ranar Alhamis wani tsohon falet mai karyayyen katako da ƙusa a waje ya maƙale a injin sakowa, daƙiƙa 20 suka cika, bel ya saki buhu. Mai kula da layi yana can baya yana zungurar falet ɗin da sanda ta wajen raga, bai ga abin da ke faruwa a gaba ba. Da ya samu ya kuɓutar da shi, sai ya tafi kai tsaye kan buhunan.

Daren Lahadi

Mai gyaran da ke aikin dare a makon yaro ne da bai cika shekara da mu ba, ya fito daga kwalejin kimiyya da fasaha, hannunsa na da kyau. Da ya iso da magariba ban kira shi ofis ba, na ja shi gaban akwati na nuna masa layi na 12, wanda na bari yadda na same shi. Bai yi gardama ba. Ya dafe kai.

"Oga, wallahi niyyata in cire kafin in tashi da asuba."

Na ce ya ba ni labarin daga farko. Ya ce tun wajen sha ɗaya Dogo ya fara tsayawa da buhu a sama, ga falet a gabansa amma fitilar ido a kashe. Sai a buɗe keji, a goge gilashin idon da tsumma, fitila ta kawo, a fito, a rufe, a share ƙararrawa, a tayar. Bayan minti goma ko sha biyar a maimaita. Tirela biyu na jiran lodi a bakin get, shugaban aikin dare yana tsaye a kansa yana duba agogo. Ya nemi sabon ido a sito, mai makulli ya tafi gida. Ya kira ni sau biyu wajen ƙarfe biyu saura.

Na ciro wayata na duba. Kiran na nan, guda biyu. Na sa ta a shiru na yi barcina, da safe kuma na ga kiran na ce in da matsala ai zan ji a wurin miƙa aiki. A littafin miƙa aiki abin da aka rubuta kawai shi ne ido ya ba da matsala, an shawo kanta. Ban tambayi yadda aka shawo kan nata ba. Kuma ni ne da hannuna na koya masa kwaikwayon sigina watanni uku kafin nan, ranar da muke gwada sabon tsarin jeri, ban kuma tuna na ce masa ga inda ba a yin sa ba. Don haka da manaja ya nemi in rubuta sunan mai laifi, na ce masa takardar za ta ɗauki suna fiye da ɗaya, nawa a ciki.

Ba ina wanke yaron ba ne. Ya san abin da S ke nufi, ya kuma yi shiru da bakinsa da safe. Amma mutumin da aka bar shi da tsakar dare ba kayan gyara, ba wanda zai ɗaga masa waya, ga mai neman lodi a wuyansa, in ya ga ƙofar da danna maɓalli biyu zai buɗe, zai shiga. An yi gudun gara ne aka faɗa gidan zago.

Ba ƙura ba ce

Kowa a layin ya yarda ƙura ce ke rufe idon. Hujjarsu mai ƙarfi ce: wurin garin masara ne, ga hunturu, kuma duk lokacin da aka goge sai ya dawo aiki. Ni ma da farko na karɓa. Abin da ya hana ni sakin jiki shi ne ƙurar da za ta makantar da ido cikin minti goma ai da ta makantar da sauran idanun layin, ga na bakin bel can ya fi shi shan gari amma bai taɓa kuka ba.

Na mayar da layi na 12 zuwa U, na ajiye falet a gaban idon, na sa yaron ya tsaya a fendan yana karanto mini abin da ya gani. ON. Na hura wa gilashin gari da gangan, har ya yi fari. ON. Na goge. ON. Sai na kama fulogin da ke bayan idon, irin mai zaren murɗawa da ake kira M12, na ɗan lanƙwasa wayar da yatsa.

"Ya ɗauke, Oga! Ya dawo. Ya sake ɗaukewa."

Wayar irin wannan ido launukanta sanannu ne: ruwan ƙasa ita ke kawo volt 24, shuɗiya ita ce sifili, baƙa ita ke mayar da sigina. Da na yanke fulogin na feɗe rigar wayar, sai na ga ta ruwan ƙasar ta karye a ciki daidai wuyan fulogi, silin tagulla biyu ko uku kaɗai suka rage suna taɓa juna. An ɗaure wayar ne a tanƙware sosai a jikin ƙarfen da ke girgiza duk lokacin da motar sarƙa ta tashi, shekara da shekaru tana lanƙwasuwa a wuri ɗaya. Da mitar auna wuta za ka auna injin na tsaye, volt 24 za ka gani cif, ka rantse lafiyarta lau. Masu goge gilashi kuwa, ba tsummansu ke gyara ba, hannunsu ne ke motsa fulogin silin ya sake haɗuwa. Sabon idon da yaron ya nema a sito ma da ya samu da bai yi maganin komai ba, tunda a tsohuwar wayar zai ɗaura shi.

Kuɗin sabuwar waya bai kai na buhunan da suka fashe ba.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai fiye da yatsun da suka lanƙwashe, wato shiga keji sau 11 a dare ɗaya. Ƙofar kejinmu tana kan da'irar tsaro mai layi biyu, wadda ba ta cikin jadawalin da ake kwaikwaya a fendan, kuma ta yi aikinta duk sau 11 ɗin. Sai dai ba wanda ya rataya kwadonsa a ƙofa don hana a tayar da injin yana ciki, ko sau ɗaya, domin shiga ce ta daƙiƙa talatin. In ɗaya na ciki wani ya turo ƙofar ya danna tashi fa? A watan Yunin 2016, a garin Cusseta na jihar Alabama a Amurka, layi ya tsaya a masana'antar Ajin mai yi wa Hyundai da Kia kayan mota, wata ma'aikaciya 'yar shekara 20 ta shiga kejin mutum-mutumi tare da abokan aikinta don su gyara matsalar wata na'urar sigina. Injin ya tashi tana ciki, ya matse ta, ta rasu. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar, OSHA, ta yanka tarar da ta kai kimanin dala miliyan 2.5, kuma cikin manyan laifuffukan da ta lissafa har da rashin kulle wutar inji kafin shiga. Ƙaramar matsalar sigina mai yawan dawowa ita ke koya wa mutane raina keji.

Abin da muka sauya

Mun kwana biyu muna aiki. A shafin saitin akwatin akwai gurbin da za ka ba shi lambar DO ɗin da zai kunna muddin akwai wata sigina mai shiga da ake kwaikwaya. Tun ranar da aka kafa injin gurbin yake fanko. Na ba shi lamba, na kai ta PLC, yanzu in akwai S ko guda ɗaya wata shuɗiyar fitila na walƙiya a saman keji, PLC kuma ba za ta ba da izinin tashi a AUTO ba. Gwaji a T1 yana nan yadda yake, ban hana kowa ba. Na kuma nuna wa duk masu gyara umarnin da ke ƙarƙashin maɓallin FCTN na fendan mai goge duk wani kwaikwayo a lokaci guda, ya zama shi ne abu na ƙarshe kafin a ajiye fendan.

Na ƙara wani ɗan shiri da ke gudana a bayan fage, yana mayar wa PLC abin da Dogo ke gani a DI[12] ta wata DO. In abin da ta aika da abin da ya dawo suka saɓa fiye da daƙiƙa ɗaya, sai ta kashe UI[2]. Agogon daƙiƙa 20 kuma na cire shi daga matsayin mai yanke hukunci: buhu ba ya barin bakin bel sai PLC da kanta ta ga falet. Layin WAIT ma na sa masa wa'adi, in ya ƙare sai Dogo ya rubuta a allo cewa falet yake jira, maimakon tsayuwar kurma da ke sa mutum ya fara lalube. Kusan rabin siginonin ba su da suna a jadawali, lamba ce kawai, muka zauna muka rubuta wa kowacce aikinta, sannan muka kwafe komai a filashi.

Wajen gwada yatsu bayan gyara na ga yaron ya kai babban yatsa kan maɓallin kunna RO alhali akwai buhu a hannun injin, wani lebura kuma na shara a ƙarƙashi. Na riƙe masa hannu. Sigina mai fita ba ta tambayar ko ka tabbata, kana dannawa bawul ɗin iskar yatsu zai buɗe, kilo 25 ya sauko. Muka fitar da mai sharar, muka sauke hannun kusa da ƙasa, sannan na ce bismillah, danna.

Yatsun biyu wani mai walda a gari ya gasa ya miƙe mana su, amma ɗaya ya rage ɗan karkace, sai da na sake koya wa Dogo wurin ɗauka don kada ya huda buhu. Sababbin da muka yi oda ba su iso ba tukuna. Na rubuta wa manaja buƙatu biyu: a bar makullin ƙaramin sito na wayoyi da idanu a hannun mai gyaran dare, sannan lokacin da layi ya tsaya ana jiran injiniya a daina lissafa shi a kan masu aikin dare. An amince da na farkon a ranar. Na biyun an ce sai an zauna da sashen lodi, yau mako na biyar ke nan. Wayata dai na cire ta daga shiru.